Mota Mai Giyar Hannu ko Otomatik: Wacce Ta Fi Cin Hankalin Direba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar makaranta ce a unguwar Mabera, nan Sakkwato. Zan fara koyon tuƙi, sai maigidana ya ce lallai in koya da mota mai giyar hannu, wai ita ce ke sa direba ya natsu, otomatik kuwa sangarta mutum take yi. Shin da gaske mai giya ta fi buƙatar natsuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Maigida ya faɗi gaskiya, sai dai da sauran bayani.

A watannin farko, ko shakka babu mai giya ta fi cin hankali. Ƙafar hagu na kan kulochi, ta dama na kai-komo tsakanin birki da totur, hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya a kan giya, kunne kuma na sauraron kukan inji don a san lokacin tashi daga giya ta biyu zuwa ta uku. Kulochi shi ke haɗa inji da giyabos, shi ke raba su. In kika sake shi da gaggawa ba ki ba da isasshiyar wuta ba, sai mota ta yi tsalle ta mutu. To ki ƙaddara hakan ta same ki a cunkoson bakin Babbar Kasuwa, da rana tsaka cikin Afrilu, zafi ya haura digiri 40, 'yan kabu-kabu na danna miki hon hagu da dama. Na ga magidanta masu furfura sun jiƙe sharkaf da gumi a irin wannan hali. Ba banza ba a Ingila wanda ya ci jarrabawar tuƙi da otomatik, lasinsa bai ba shi damar jan mai giya ba.

Amma wahalar ta ɗan lokaci ce. In an saba, hannu da ƙafa su ke aikinsu, kamar yadda mai tuƙa tuwo ba ta tsayawa tunanin yadda za ta juya muciya. Tambayi direban haya sau nawa ya canja giya daga Sakkwato zuwa Illela, wallahi ba zai iya faɗa miki ba.

Natsuwar da ke tsare rai, wato sa ido a kan titi, ɗaya ce a motocin biyu. Yaron da zai tsallaka a guje, ko raƙumi da garken shanu a hanyar Gusau, ko hazon hunturu da ke rufe gaba, babu ruwansu da irin giyabos ɗinki. A nan ne nake jin tsoron otomatik. Ta sauƙaƙe aiki, hannun dama ya zauna ba abin yi, sai ya lallaɓa ya ɗauko waya. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Ki duba saƙon WhatsApp na daƙiƙa biyu, kin wuce mita 55 kamar idonki a rufe. Ga kuma gyangyaɗi a doguwar hanya, musamman bayan an ci an ƙoshi. Mai giya ma ba ta tsira daga wannan ba, don in an sa giyar ƙarshe an miƙe hanya, ita ma ba sauran abin taɓawa.

Shawarata, in mai giya ce a gida, ki koya da ita, komawa otomatik daga baya aikin kwana ɗaya ne. In kuwa otomatik ce za ki riƙa ja kullum zuwa makaranta, ba laifi ki fara da ita. Ki dai ajiye ƙafar hagu gefe, ta dama kaɗai ke taka birki da totur. Ki kuma sani in tana kan D, wato giyar tafiya gaba, da kin ɗaga ƙafa daga birki za ta fara silalewa gaba ko ba ki taɓa totur ba, don haka kada ki buɗe ƙofa ki sauka buɗe get sai kin mayar da ita P, wato giyar fakin, kin ja birkin hannu.