Babansa zai kai shi gidan mari, ni kuma zuciyata ta ƙi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki taimaka min da shawara wlh kaina ya kulle. Ɗana ne na fari, shekararsa 16 yana SS2, yaro ne da ake kwatance da shi a unguwa amma tun bayan babbar sallah ya canza gaba ɗaya, ya daina fita ƙwallo ya daina hira da ƙannensa sai ya kulle kansa a ɗaki har azahar bai tashi ba, abinci in na kai masa haka zan dawo in tarar ko murfin kwanon bai ɗaga ba, kana masa magana kuma ya hau faɗa. Rannan ina shara na tsinci ɓawon tramol ƙarƙashin katifarsa. Babansa ya zane shi ba abin da ya sauya, yanzu ya ce gidan mari zai kai shi, kakarsa kuma ta dage sammu ne. Abin da ya hana ni barci shekaranjiya ya ce min "Umma da na mutu da kowa ya huta." Ya zan yi?
Wata uwa daga Kano

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba shi lafiya ya sanyaya miki. Wannan maganar tasa ta ƙarshe ita ce gaba da komai, kar ki bari kowa ya ce miki shagwaɓa ce. Yau ɗin nan ki tattara fiya-fiya da maganin ɓera da duk ƙwayoyin da ke gidan ki sa musu kwaɗo. Sannan ki zauna da shi ku biyu ki tambaye shi ƙarara, "kana tunanin kashe kanka ne?" Na san bakin uwa zai yi nauyi, amma tambayar ba ta cusa wa yaro tunanin, sau da yawa ma sauƙi yake ji an gane halin da yake ciki. In ya ce e, kar a bar shi shi kaɗai ko da dare, ku wuce asibiti a ranar.

Likita ne zai faɗi abin da ke damunsa bayan ya gan shi, amma abin da kika lissafa ya yi kama da ciwon damuwa sosai, kuma a matasa yakan fito ne da fushi da tsiwa shi ya sa iyaye ke ɗauka rashin kunya ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 na fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa, ba a kanki aka fara ba kuma ba tarbiyyarki ce ta gaza ba. Tramol ɗin ma wasu yaran don su danne abin da ke cinsu suke fara sha, daga baya ya zama wata cutar daban, yawansa har farfaɗiya yake sawa. Kar ki ɓoye wa likita, ki tafi masa da ɓawon ma.

Gidan mari kam gsky ban yarda ba, ko kaɗan. Ba mu manta watan Satumban 2019 ba da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa, bayansu duk tabon bulala, kuma iyaye ne suka kai su da hannunsu da niyyar gyara. Yaron da ke ganin kowa zai huta in ba shi, a ɗauke shi a kulle ai an gaskata masa zatonsa ke nan. Babansa ba mugunta ce ke ransa ba, tsoro ne da kunyar abin da za a ce, don haka kar ki yi jayayya da shi a gaban yaron, ki samu yayansa ko limamin da yake jin nauyi su yi masa magana, in da hali ku je gun likitan tare ya ji da kunnensa.

Tunda a Kano kike akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin Malam Aminu Kano, ga kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau. Na san jin sunan Dawanau kawai wasu gabansu faɗuwa yake, amma ba kowa ake kwantarwa ba, da yawa ganin likita suke su dawo gida. In an ba shi magani ke za ki riƙe ki dinga ba shi da hannunki, yakan ɗauki makonni kafin a ga canji, satuttukan farko a sa masa ido sosai, kuma kar a yanke don an ga ya warware sai likita ya ce.

Hajiya kakarsa kuma ki bar ta da addu'arta da tofinta muna so, banda dai duka da turara masa hayaƙi.

Abu ɗaya da nake so ki bincika a hankali, me ya faru wajen sallar nan? Rasuwar aboki ce, cin zali a makaranta, ko wani babba ya yi masa abin da ya kasa faɗa, don maza ma ana yi musu. Ba a rana ɗaya zai buɗe baki ba, ki dinga shiga ɗakin da shayinki ki zauna ba wa'azi ba gori, in ya fara magana kar ki katse shi ko da abin da zai faɗa ya ɓata miki rai. Ki sake rubuto min bayan kun ga likita dan Allah.