Aikin sa kai a taron marubuta labaran tarihi

Malam, ka tambayi abin da ɗan sa kai ke yi a bayan fage a taron marubuta ƙagaggun labaran tarihi. Akwai rajistar baƙi da jera kujeru, amma tsare lokaci ya fi wuya. Idan marubuci ya shiga bayanin inda tarihi ya tsaya ƙirƙira ta ɗora, ba ya son a katse shi. Ku shirya tun kafin ya hau mumbari: takarda mai cewa "saura minti 5" ta wadatar.

Kada ka tare marubuci da naka rubutun ana tsakiyar aiki, bari a tashi. Naɗar murya sai da izinin masu shirya taron. Idan lasifika ta ƙi, kira mai gyaranta, kada ka taɓa wayoyin.