Wane kiɗa ya dace da labarin kome?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamar makaranta ce a Zariya, kuma na rubuta littafin soyayya mai cike da raha a kan wani tela da matarsa waɗanda suka rabu da saki ɗaya saboda gardamar da ba ta kai ta kawo ba. Bayan shekara 6 sai ɗinkin kayan sallar 'yarsu ya sake haɗa su, kakar yarinyar kuma ta shiga ƙulla dabarun da za su kai su ga kome. Ina so a karanta littafin da murya a ɗora a YouTube, kamar yadda ake yi wa littattafai da yawa yanzu. Mai haɗa mini sauti ya ba ni shawarar a shimfiɗa waƙoƙin soyayya na fim a ƙarƙashin karatun tun daga farko har ƙarshe, amma hankalina bai kwanta da hakan ba. Wane irin kiɗa ya dace da labari irin wannan?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Ina ganin rashin kwanciyar hankalinki yana da dalili mai ƙarfi, kuma dalilin yana cikin labarin da kika rubuta. Yawancin waƙoƙin soyayya na fim, waɗanda ake haɗawa da fiyano a situdiyo, an tsara su ne domin saurayi da budurwa da ke farkon haɗuwa, inda ake kwarzanta kyau ana alƙawarin ba za a taɓa rabuwa ba. Telanki da matarsa kuwa sun wuce wannan gaɓa, domin sun ci tuwo a kwano ɗaya, sun san halin juna na safiya da na dare, kuma akwai takardar saki a tsakaninsu wadda ba wanda ya manta da ranar da aka rubuta ta. Idan aka ɗora musu waƙar farkon so, mai sauraro zai ji kamar an sa wa bazawara lulluɓin amarya budurwa, ko da bai iya faɗin abin da ya dame shi ba. Ban da haka, waƙa mai baiti tana kokawa da muryar mai karatu, saboda kunne ba ya iya bin magana biyu a lokaci guda, musamman ga wanda ke sauraro ta lasifikar waya yana girki ko yana cikin adaidaita sahu.

Shawarata ita ce ki nemi karin sauti guda ɗaya tak, gajere, wanda ba shi da baiti, ki mai da shi na waɗannan mutum biyu. A fara jin sa a babin da ake tuna aurensu na farko, da sauri da walwala. Sannan a ɗauke shi gaba ɗaya daga ranar saki, kada a sake jin sa har sai lokacin da matar ta tsaya a bakin shagon da ƙyallen atamfa a hannu, tela ya ɗago kai daga kan kekensa ya gan ta. A nan ma ba duka za a kaɗa ba, rabinsa ya isa, a hankali, kamar wanda ya fara magana ya haɗiye sauran. Kowane lokaci da suka ƙara kusantar juna sai a ƙara masa tsawo kaɗan, ta yadda ba za a ji shi cikakke ba sai a babin kome. Hausawa suna cewa da tsohuwar zuma ake magani, kuma abin da wannan dabara take yi ke nan: tana sa mai sauraro ya yi kewar sautin kamar yadda su biyun suke kewar abin da suka bari.

Game da abin da za a kaɗa shi da shi, ya kamata ki lura cewa kayan kiɗanmu ba su zuwa kunnen Bahaushe haka kawai, kowanne yana tafe da mutanensa. Kakaki da tambari da algaita na fada ne, ba su da hurumi a shagon tela. Garaya tana tuna wa mutane mafarauta da 'yan bori, goge ma yana da irin wannan tarihi a wurin masu sauraro da yawa, saboda haka za su ja hankali zuwa inda ba ki nufa ba. Ni da na zaɓa miki, gurmi zan ɗauka domin karin ma'auratan, saboda sautinsa a kusa yake, kamar na mutum ɗaya da ke zaune a tsakar gida bayan isha'i. Sarewa tana da kyau a wurin kaɗaici, amma a yi ta da ƙima, domin tana saurin mai da labari na makoki, naki kuwa na dariya ne.

Ɓangaren raha shi ne inda masu haɗa sauti suka fi yin kuskure, don sukan sa wani ɗan sauti na ban dariya bayan kowace magana, kamar ana umartar mutum ya yi dariya. Idan zancen kakar nan yana da gishiri, muryar mai karatu ta wadatar. Abin da kiɗa zai iya yi mata shi ne ya sanar da shigowarta. Kalangu ya dace da wannan aiki, tun da makaɗi yana matse igiyoyin fatar da ke jikinsa a hammata ya ɗaga sauti ko ya sauke shi, har ya kwaikwayi hawa da saukar maganar Hausa. Bugu uku ko huɗu kafin tsohuwar ta yi sallama sun isa mai sauraro ya fara murmushi ya san an zo da sabuwar dabara. Kuntigi, ɗan ƙaramin abin kiɗan nan mai tsirkiya ɗaya da marigayi Ɗan Maraya Jos ya yi suna da shi, zai iya maye gurbinsa idan kina son sauti mai tsokana. A wuraren da mata suke hira a cikin gida kuwa, ba abin da ya kai shantu da kiɗan ƙwarya. Na taɓa zama kusa da wasu dattawan mata biyu suna buga shantu a cinya suna toshe bakinsa da tafin hannu, ba waƙa ba hayaniya, amma sautin nan mai zurfi ya cika ɗakin har 'yan matan da ke shewa suka yi tsit. Irin wannan sauti ne zai ba wa gidan su matar rai fiye da kowane fiyano. Idan kuma kina la'akari da masu sauraron da ba sa son kayan kiɗa saboda dalilin addini, kuma suna da yawa, to luguden daka da ƙarar keken ɗinki da tafi za su ɗauke miki rabin aikin.

Akwai wuri biyu da nake roƙon ki kiyaye. Na farko ranar saki: kada a sa komai, a bar muryar mai karatu ita kaɗai, domin shirun ya fi kowane kiɗa nauyi a nan. Na biyu ranar kome. Tun da idda ta cika shekaru da suka wuce, sai an sake ɗaura aure da sabon sadaki, amma kin san yadda ake yin irin wannan ɗaurin aure: mutane kaɗan a zaure, goro da dabino, ba kamu ba gangami. Kiɗan biki mai tashe zai ƙaryata wannan yanayi. Gurmin nan ya kaɗa karinsa har ƙarshe karo na farko tun bayan rabuwa, sannan kakar ta rangaɗa guɗa guda ɗaya, shi ke nan.

Saura maganar haƙƙi. Waƙoƙin fim da aka ba ki shawarar ɗauka suna da masu su, kuma Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 tana kare su a Najeriya. YouTube ma yana da tsarin Content ID da ke gane sautin da mai shi ya yi wa rajista, wanda hakan kan sa a karkatar da kuɗin tallan bidiyon zuwa ga mai waƙar ko a toshe shi. Ya fi miki sauƙi ki nemi makaɗin gurmi da na kalangu, ki karanta musu babi biyu ko uku su ji halin mutanen, a ɗauki sautin a zama ɗaya, sannan ku rubuta yarjejeniya a gaban shaidu cewa an biya su kuma kina da izinin amfani da shi. Kafin a ɗora babin farko, ki saurare shi ta ƙaramar waya a tsakar gida lokacin da yara ke wasa, kuma duk inda kika rasa kalma ɗaya ta mai karatu, ki ce a rage kiɗan.