Falona ƙafa 12 da ƙafa 10 ne: gajerun kujeru za su yi mini?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mun kama haya a Tumfure, nan Gombe, falon ƙafa 12 ne da ƙafa 10. Saitin kushin da aka yi mini na aure ya cinye ɗakin, ko wurin shimfiɗa darduma babu. Ina so in sayar in sa a yi mini irin gajerun nan da ake yayi, amma surukata tana yawan zuwa kuma tana fama da ciwon gwiwa. Wane awo zan ba kafinta?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Gajerun kujeru za su yi miki, amma sai kin san inda ya kamata a rage da inda ba a taɓawa. Abin da ke sa kujera ta cika ɗaki majingina ce da hannuwa da faɗinta daga gaba zuwa baya. Mazauni kuwa, wato wurin da ake ɗora jiki, ko an sauke shi har ƙasa ba ya ƙara miki fili ko na taku ɗaya, sai dai ya ƙara wa Mama wahalar tashi. Yawancin waɗanda suka yi nadamar irin wannan kujera a nan suka kuskure: sun ce wa kafinta "a yi ta ƙasa-ƙasa", shi kuma ya yanke ƙafafu ya bar sauran yadda suke.

Bari mu yi lissafin falon da inci, tunda da shi kafintocinmu suke awo. Ƙafa 12 da ƙafa 10 murabba'in ƙafa 120 ke nan. Cikakken saitin da aka saba yi wa amare, mai zaman mutum uku, mai biyu, da masu ɗaya-ɗaya guda biyu, idan manya ne masu kaurin hannu, tsawonsu a jere yakan kai inci 230 ko fiye, faɗin kowace kuma wajen inci 38. Wannan ya haura murabba'in ƙafa 60, rabin falon ya tafi tun ba a shigo da tebur da talabijin ba. Idan kika tsaya a kan mai uku da mai biyu masu siririn hannu, abin da za su ci wajen murabba'in ƙafa 30 ne kawai. Kin samu kwata ɗin ɗakinki ya dawo, kuma mutum biyar za su zauna. In baƙi sun yi yawa, tum-tum biyu da ake turawa lungu sun isa.

Ga awon da za ki rubuta wa kafinta a takarda, kada ki bar shi a baki. Kowane mutum inci 22 na wurin zama, kowane hannu inci 5. Mai zaman uku ta zama inci 76, mai biyu inci 54. Da hannun ya kai inci 10 kamar na saitin sarauta, da kowace kujera ta ƙaru da inci 10 a banza. Faɗi daga gaba zuwa baya inci 32 zuwa 34, wurin zaman a ciki inci 20 zuwa 22. Daga ƙasa zuwa ƙarshen majingina inci 28 zuwa 30. Wannan ne asalin gajartar. Tagogin yawancin gidajen haya suna farawa ne wajen ƙafa 3 daga ƙasa, don haka kujerar za ta tsaya a ƙarƙashin taga, ba ta tare iska ba, ba ta danne labule ba. Wanda ya yi watan Maris da Afrilu a Gombe ya san darajar taga a buɗe.

Sai tsayin mazauni, inda maganar Mama ta shigo. Kujerun da kike gani a hotunan intanet wasu mazauninsu inci 13 ne ko 14. Suna da kyau a ido, amma idan mutum ya zauna gwiwarsa takan haye sama da ƙugunsa, tashi kuma sai an dafa da ƙarfi. Ga mace mai ɗaure da zani ma zaman ba ya daɗi a gaban baƙi, kullum tana gyaran zani. Ki nemi inci 17. Hanyar tabbatarwa mai sauƙi ce: Mama ta zauna a kujerar roba, tafin ƙafarta a ƙasa ba takalmi, ki auna daga ƙasa zuwa bayan gwiwarta. Mazaunin, bayan ya lotsa da nauyin mutum, kada ya gaza wannan awon da fiye da inci 1. Hannun kujerar ya ɗara mazauni da inci 7 zuwa 8, kuma a sa katako mai ƙarfi a cikinsa da soso kaɗan a sama, domin shi za ta dafa ta miƙe. Kujera marar hannu kwata-kwata, duk da tana rage cin wuri, ba ta gidan da tsoho yake zuwa ba ce.

Inci 17 ɗin nan ana haɗa shi ne daga abu uku: ƙafa inci 5, firam inci 6, soso inci 6. Kada ki yarda a cire ƙafar a zaunar da kujerar a kan tayil. Ƙurar hunturu za ta taru a ƙasa inda tsintsiya ba ta shiga, ruwan goge ɗaki zai riƙa taɓa katakon da yadin, gara kuma ta samu hanya ba wanda ya gani. Ganin tayil ta ƙarƙashin kujera shi kansa yana sa ɗaki ya yi kamar ya fi faɗi. Ki ce a yi ƙafafun masu ɗaurin sukuru, waɗanda ake kwancewa. Ƙofar ƙafa 3 idan aka cire kaurin firam da ƙyaure takan bar inci 32 zuwa 34, kuma a kwance ake shigar da kujera, saboda haka tsayin inci 30 zai wuce. In ƙofar ƙafa biyu da rabi ce, kwance ƙafafun ne zai fisshe ki. Mai haya ba ta san ƙofar gidan da za ta koma gobe ba.

Soso shi ne inda aka fi cutar mutane, don ba a ganinsa bayan an rufe. A doguwar kujera idan soso ya mutu da inci 2 ana iya lallaɓawa. A gajeriya kuwa inci 17 ya koma 15, kuma mai zama yana jin katako a cinyarsa. Taurin soso a hannu ba ya nuna ƙarkonsa, nauyinsa ne ke nunawa. Ki nemi mai nauyin kilo 30 ko fiye a kowace mita kubik. Manyan kamfanoni irin su Vitafoam da Mouka suna yin soso aji-aji, don haka sunan kamfani kaɗai bai wadatar ba, sai an faɗi ajin. In kina so ki gwada da kanki, yankin soso mai inci 22 da 22 da kaurin inci 6 na wannan ajin zai yi kusan kilo ɗaya da rabi a sikeli. In bai kai kilo 1 ba, na majingina ne, ba na mazauni ba. Ki sa sharaɗin za ki je ki ga firam da soso kafin a ja yadi.

A wannan zuwan ki duba katakon. Firam ɗin mazauni ya zama na katako mai ƙarfi kamar maɗaci, busasshe, an shafa masa maganin gara. Ɗanyen katako yana ƙanƙancewa idan iskar hunturu ta busa, ƙusoshi su saki, kujera ta fara ƙara. Kusurwoyi huɗun su samu ƙaramin katakon tallafi da gam da sukuru, ba ƙusa kaɗai ba. Bel ɗin da ake saƙawa a ƙarƙashin soso ya ja sosai, tazarar da ke tsakaninsu kada ta wuce faɗin bel ɗin kansa.

Akwai abin da za ki rasa, gara ki sani tun yanzu. Majingina mai inci 30 tana tallafar baya ne zuwa ƙasan kafaɗa, ba ta kai wuya ba. Mai son ya kwantar da kai yana kallon talabijin ba zai samu yadda ya saba ba. Maganinsa a ɗan kwantar da majinginar baya da inci 2 zuwa 3 daga sama, a kuma yi filo masu cirewa na inci 18 ko 20 waɗanda za su ɗara ta kaɗan. Wajen yadi, ki guji ledar roba: tana zafi da gumi a bazara, kuma tana tsagewa ta ɓare. Yadi mai saƙa matsattsiya, launin toka ko ruwan ƙasa mai haske, marar manyan furanni, ya fi ɓoye ƙura, kuma a sa zif a rigunan kushin don a riƙa wankewa.

Wajen jerawa, mai uku ta bi bangon ƙafa 12, mai biyu ta bi na ƙafa 10, su haɗu a kusurwar da ta fi nisa da ƙofa. Ki bar inci 2 tsakaninsu da bango saboda danshin damina, ki kuma lura kada su rufe soket. Tsakanin kujera da teburin tsakiya inci 16, teburin kansa faɗin inci 20 kuma kada ya fi mazauni tsayi. Idan teburin talabijin ya ci inci 14, za a samu hanyar wucewa ta kusan ƙafa 3, in an ɗauke teburin tsakiya kuma wurin ya ishi mutum biyu salla. Kafin ki biya kafin alƙalami, ki zana wannan awon a ƙasan falon da alli ko ki shimfiɗa kwalaye, ki buɗe ƙofa har ƙarshe, ki zagaya riƙe da faranti ki ga ko akwai inda kike karo.