Za su iya gwada jinina ba da izinina ba?

'Yar'uwa, kin ce a Garwa, ƙasar Kamaru, aka ɗebi jininki don zazzaɓi, kina tsoron ko an haɗa da gwajin ƙanjamau ba ki sani ba.

Bai halatta ba. Jininki naki ne. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a sanar da mutum, ya yarda, sannan a rufa masa asiri. Ba sai kin sa hannu ba, yardar baki ta wadatar. Ko a awon ciki kina da ikon cewa a'a, amma ni dai ba zan so ki ƙi ba, saboda lafiyar jariri.

Matsalarmu takardar gwajin da Faransanci ake rubuta ta, mu kuwa sai mu miƙa hannu a ɗaura roba, kunya ta hana mu tambaya. Duba taki: GE na zazzaɓin cizon sauro ne, NFS ƙidayar ƙwayoyin jini, VIH ƙanjamau, AgHBs ciwon hanta nau'in B. Ki tambaya tun allura ba ta shiga ba, ko da Hausa ko da Fillanci.

Ba da gudummawar jini kam daban ne, dole a gwada shi kafin a ƙara wa wani.