Tambaya da Amsa: Masu Zanen Haɗin Kaya Na Son Baje Koli a Cikin Shiya

Wasiƙun wannan fitowa duk daga birnin Sakkwato suke, daga matasan da ke haɗa fenti da fata da ƙwarya da ƙyalle da yashi a kan allo ɗaya. Sun gaji da jiran a gayyace su, suna son su baje kolin ayyukansu da kansu. Mun taƙaita tambayoyin, ga amsoshinmu.

Tambaya: Mu bakwai ne, kowa na da aiki uku da ya gama. Wani shugaban makaranta ya ce zai ara mana aji ɗaya a lokacin hutu. Zai ishe mu? Wa ya kamata mu fara gani?
Wani mai zane, Runjin Sambo

Amsa: Malam, kafin ku yi wa shugaban makaranta godiya, ku ɗauki tef ɗin awo ku je ajin. Kowane aiki na buƙatar faɗinsa da ƙarin santimita 60 na sarari tsakaninsa da maƙwabcinsa. Idan ayyukanku 21 ne, kuma faɗin kowanne ya kai santimita 70, bango mai tsawon mita 27 kuke nema. Aji mai mita 9 da mita 7 kewayensa mita 32 ne, amma tagogi da ƙofa da baƙin allo za su cinye fiye da rabi. Saboda haka ajin kaɗai ba zai isa ba.

Maganin shi ne ku yi bangon tafi-da-gidanka. Ku sayi filawud shida masu ƙafa 8 da ƙafa 4, kauri milimita 12. Mai milimita 6 ya fi araha, amma yana lanƙwashewa da ya ji nauyi. Kafinta ya yi wa kowanne firam da katako mai inci 2 da 2, ya haɗa su biyu-biyu da hinji uku, yadda za a buɗe su kamar littafi su tsaya da kansu. A shafa musu farin fentin ruwa sau biyu, gaba da baya. Fuska 12 ke nan, kusan mita 14 da rabi na ƙarin bango. A gindin kowane biyu a ajiye buhun yashi, domin yaro ɗaya da ya jingina zai iya kayar da aikin wata uku.

Batun izini, ku fara da mai unguwa, shi zai kai ku ga hakimi idan da buƙata. Ku tafi da aiki ɗaya ko biyu a hannu, ganin ido ya fi dogon bayani. Da makaranta kuwa a yi takarda: ranaku nawa, daga ƙarfe nawa zuwa nawa, an yarda a buga ƙusa a bango ko ba a yarda ba, wa zai share, wa ke riƙe makulli da dare.

Lokaci mafi daɗi shi ne Nuwamba zuwa farkon Disamba, ruwa ya ɗauke, ƙurar hunturu ba ta yi kauri ba. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato na wuce digiri 40, ba wanda zai tsaya kallon zane a ƙarƙashin kwano. Idan hutun makarantar ne ya ɗaure ku, hutun Disamba ya fi na Afrilu nesa ba kusa ba. Kwana uku sun isa a karon farko: a buɗe Juma'a bayan la'asar, a rufe Lahadi kafin magariba.

Tambaya: Na manna jar fata da ɓarin ƙwarya a kan allo, bayan sati biyu fatar ta ɗaga ta gefe, ƙwaryar ta faɗo. Wajen da na buga ƙananan ƙusoshi kuma fatar ta yi baƙi. Ina kuskurena?
Wata ɗaliba, Mabera

Amsa: Malama, wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, domin yawancin abin kunyar da ke faruwa a wajen baje koli ba daga zanen yake ba, daga gam yake. Kowane kaya da irin gam ɗinsa.

Farin gam na kafintoci, irin su Top Bond, na takarda ne da ƙyalle da kaba da yashi. Fata kuwa gam ɗin masu gyaran takalmi take so, irin su Evo-Stik. Ana shafa shi siriri a jikin allon da kuma bayan fatar, wato ɓangaren da ba shi da sheƙi, a jira minti 10 zuwa 15 har ya daina bin yatsa, sannan a haɗa, a bi da guduma ta katako daga tsakiya zuwa gefe. Masu gaggawa na haɗawa tun yana ɗanye, shi ya sa yake saki. A yi wannan aiki a tsakar gida, nesa da murhu, don warinsa na hawa kai kuma yana kama wuta. Gam ɗin kyandir da ake narkawa da ƙaramar bindiga, ki bar wa masu kwalliyar biki: zafinmu na laushe shi.

Sai dai ko gam mai kyau ba zai hana fata halinta ba. Tana tsukewa da hunturu, tana saki da damina, allon kuma ba ya bin ta. Don haka ki bar ta a shimfiɗe kwana uku a ɗakin da za ki yi aikin kafin ki yanka, sannan bayan mannawa ki huda allon da fatar tare a bakin gefe, tazarar santimita 3, ki ɗinke da zaren nailan. Ɗinkin kansa ado ne; ki leƙa wajen dukawa ki ga yadda suke bin bakin titimi da jaka. Fatar da aka cika wa mai wajen jima ma ba ta karɓar gam, ki goga bayanta da samfefa kafin ki shafa.

Baƙin da kika gani ba datti ba ne. Majemanmu da bagaruwa suke jeme fatar jar akuya, kuma duk inda sinadarin bagaruwa ya haɗu da baƙin ƙarfe da ɗan laima, baƙi yake bayarwa. Da wannan hikimar ce dukawa ke yin kuloko, baƙin rinin da suke zana fata da shi. Wato ƙusoshinki sun yi miki kuloko inda ba ki nema ba, kuma ba ya wankuwa. Ki koma ƙusar tagulla, ko ki tsaya ga zare.

Ƙwarya kuma bakinta kaɗai ke taɓa allo, gam ba shi da wurin kamawa. Ki huda ta wuri uku ko huɗu da bakin injin huda mai milimita 2, a hankali don kada ta tsage, ki zura wayar tagulla ta fita bayan allon, ki murɗe. Kafin nan ki kankare cikinta tas, ki shanya ta kwana biyu, ki shafe ciki da waje da man sheƙin katako da kafintoci ke kira banish. Idan kika ga gari-gari na zubowa daga ƙwarya, ƙwaro na ciki. Kada ki kai ta kusa da ayyukan abokanki. Mu dai ƙa'idarmu, duk abin da nauyinsa ya wuce giram 200, ba a barin sa ga gam kaɗai.

Tunda muna kai, ga abu uku da ke biyo baya. Yashi a tankaɗe shi, a wanke, a shanya, a kwaɓa awo biyu da awo ɗaya na farin gam, kada kaurinsa a allo ya wuce milimita 3, a bar shi kwance a inuwa kwana ɗaya. A rana yana tsattsagewa. Allo a shafa masa fenti gaba da baya, in an shafa fuska ɗaya kawai sai ya gantsare. Fentin mai yana zama a kan akirilik, wato fentin masu zane da ake sirkawa da ruwa, amma akirilik a kan fentin mai ɓarewa yake kamar ɓawon albasa.

Kafin ki amince da kowane haɗi, ki yi gwaji a guntun allo, ki ajiye shi kwana uku a ɗaki mai rufin kwano, sannan ki kifa shi ki girgiza.

Tambaya: A wane tsayi ake rataye aiki, kuma yaya za mu yi da haske tunda wutar lantarki ba ta da tabbas?
Wani malamin zane, Gawon Nama

Amsa: Malam, tsakiyar kowane aiki ta kasance santimita 150 daga ƙasa, babba ne ko ƙarami. A ja zare a wannan tsayi daga wannan kusurwa zuwa waccan, kowa ya bi shi. Misali, aiki mai tsayin santimita 80 samansa zai kai 190. Idan maratayinsa na santimita 20 ƙasa da sama, a 170 za a buga ƙusa. Ƙusa biyu ake yi wa kowane aiki, ƙusa ɗaya na barin sa ya karkace duk lokacin da aka wuce kusa da shi.

Aikin haɗin kaya ya fi zanen takarda nauyi ƙwarai. Wanda ya kai kilo 8, a sami faffaɗan katako a tsaga shi biyu a karkace, digiri 45, a ɗaure rabi a bango bakinsa na kallon sama, rabi a bayan aikin bakinsa na kallon ƙasa, sai su sarƙe. A bangon bulo a huda da inji a sa robar sukuru. Ƙusar kankare na ɓarke filasta, mai makaranta kuma ba zai sake ara muku ba. Bangon ƙasa ba ya riƙe nauyi ko kaɗan, a jingina masa filawud.

Haske kuwa, na rana ya fi, muddin rana ba ta dukan aikin kai tsaye: jan karan dafi da ƙyallen atamfa na saurin koɗewa. Don yamma, ƙwan LED 12 masu wat 7 wat 84 ke nan. A awa 4 za su ci wat-awa 336, batir mai volt 12 da amfiya-awa 100 kuma na ɗauke da wat-awa 1,200, wanda rabinsa ake so a taɓa. Ya isa, in ba a jona fankoki ba. Hasken ya zo daga sama a ɗan karkace, misalin digiri 30 daga bango, don tudun ƙwarya da saƙar kaba su fitar da inuwarsu. Idan aka haska daga gaba sak, aikin sai ya koma kamar hoton kalanda. Janareto a kai shi nesa, hayaƙinsa na lafewa a jikin ƙyalle.

Tambaya: Wasunmu na yin zayyana da rubutun ayoyi, wasu na zana mutane da dawaki. Za a iya haɗa su wuri ɗaya?
Wani almajiri mai zayyana, Kanwuri

Amsa: Alaramma, hukuncin zanen mai rai maganar malamai ce, ku kai ta ga malamin da kuka yarda da shi tun kafin ku zaɓi ayyuka, ba ranar buɗewa ba. Abin da ya shafi tsari shi ne namu. Aikin da ke ɗauke da aya ko sunan Allah a ba shi bangonsa shi kaɗai, a ɗaga shi sama da layin sauran, kada a jingine shi a ƙasa ko na minti ɗaya lokacin da ake jera kaya. Masu manna yankan jarida da tsofaffin takardu su karanta kowane guntu kafin su shafa gam, takardun garin nan da yawa na ɗauke da basmala. A keɓe wa mata safiya ɗaya, 'yan'uwanku mata su yi musu jagora, za ku ga iyaye mata da ba za su taɓa shigowa cikin cunkoso ba. A kuma rufe ƙofa lokacin kowace salla.

Tambaya: Muna tsoron kuɗi ya raba mu. Yaya ake raba kashewa da ciniki?
Wasu abokai, Arkilla

Amsa: Samari, tsoronku na kan hanya, kuma maganinsa takarda ɗaya ce da kowa zai sa wa hannu kafin a sayi ƙusa ko ɗaya. Kuɗin filawud da fenti da wuta da sufuri a raba su bisa yawan bangon da mutum ya ci, ba bisa kai ba. Mai manyan ayyuka uku ba daidai yake da mai ƙanana uku ba. Daga duk aikin da aka sayar a cire kashi 10 zuwa 15 cikin 100 a zuba a asusun taro na gaba, mutum biyu su riƙe lissafinsa. A rubuta wa ke da allunan filawud bayan an tashi, a kuma rubuta cewa aikin da ya lalace a hannun mai gadi na ranar, asusu ne zai biya kuɗin kayansa.

Farashi: a tara kuɗin kaya, a ƙara ladan kwanakin aiki daidai da abin da ƙwararren kafinta ke karɓa a yini, sannan a ɗora kason asusu. A rubuta shi a ɗan kati kusa da aikin, tare da sunan mai shi da sunan aikin da shekara da kayan da aka haɗa, da boko da ajami. Mutanenmu sai sun taya, don haka kowa ya faɗa wa mai riƙe littafin ciniki ƙarshen abin da zai sallama. Mai saye ya ba da rabi, a manna jan ɗigo a katin, alamar an saya, aikin ya zauna har ranar rufewa. "Ajiye mini, zan turo" ba ciniki ba ne.

Tambaya: Ta yaya jama'a za su ji labari, kuma da me za mu ɗauko kayan?
Wata mai saƙa da zane, Minanata

Amsa: Hajiya, sati biyu kafin ranar a fara da hotunan ayyuka a WhatsApp da Facebook, a kai takardar gayyata makarantun shiya, a nemi ɗan fili a shirin al'adu na gidan rediyon Rima. Ku kai gayyata da ƙafarku ga ma'aikatan Gidan Tarihi na Waziri Junaidu da malaman jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ku kuma kira dukawa da majema da masu sassaƙar ƙwarya da kuke sayen kaya a hannunsu. Yara za su taɓa, ko an hana su. Ku ajiye tebur ɗaya da guntayen fata da ƙwarya da kaba, ku ce wannan ne na taɓawa.

Ɗauko kaya kuma, ban da kabu-kabu: iska na kama allo kamar tabarma. A Keke Napep ko ƙaramar a-kori-kura, a tsaye ake jera su, fuska na kallon fuska, baya na kallon baya, da kwali a tsakani, a naɗe tsinin ƙwarya da tsohon zane. Leda tana hana ƙura, amma idan ta kwanta a kan akirilik cikin zafi mannewa take, don haka a fara rufawa da farin ƙyalle kafin a sa ta. Mutum ɗaya ya zauna a baya ya riƙe, aljihunsa da gam da zare da basilla saboda abin da zai saki a hanya.