Mota na misin, bakanike ya ce a sauke inji: in taɓa jari ko in ci bashi?

Wani ɗan'uwa mai sarin kaya ne ya turo min wannan. Motar da yake kai wa kwastomomi kaya ta fara misin, in tana silo sai karkarwa, in an taka totur ta dinga shaƙewa, ga shan mai. Bakanike ya kara kunne kawai ya ce sai an sauke inji.

Alhaji, don Allah kar ka yi ko ɗaya tukuna. Kuɗin da zan yarda ka fitar yanzu na bincike ne kawai, don misin ɗin nan sau da yawa fulogi ne ko kwayil (abin da ke ba fulogi wuta), kuma wallahi yana min ciwo in ga ɗan kasuwa ya kwashe kuɗin kaya ya zuba a gyaran da ba a ma tabbatar da shi ba, wata biyu shago ya koma wayam.

A fara sa mata kwamfuta. Motocin da aka ƙera wa kasuwar Amurka tun daga 1996 duk suna da wajen jona ta a ƙasan sitiyari. In kwamfutar ta nuna lamba P0301 silinda ta ɗaya ce ke misin, P0302 ta biyu, haka dai, in kuma P0300 ce to matsalar ba a silinda ɗaya ta tsaya ba, sai a duba filtar mai da famfon mai, ko wani tiyo da ya tsage yana zuƙar iska.

Ka tsaya a wajen, ka ce a kwance fulogin a gabanka. Wanda ya yi baƙi da busasshen gawayi mai ne ya yi yawa ko wuta ta yi rauni, wanda ya jiƙe da baƙin mai kuma shi ne abin damuwa. Sannan a ɗauke kwayil ɗin silindar da ake zargi a musanya da na kusa da ita, in misin ya bi kwayil ya koma can, shi kenan an kama ɓarawo, ko sisi ba ka kashe a kayan gyara ba. Haka ake wa nozul ma, wato abin da ke fesa wa silinda mai.

Sai duk wannan ya fita lafiya za a auna matsin kowace silinda. In ɗaya ta yi ƙasa sosai da sauran, ko lagireto na shanye ruwa salansa na fitar da farin hayaƙi, to a nan maganar bawul, ringi ko gasket ta taso, bakaniken naka yana da gaskiya. Ko a lokacin a rubuta maka kuɗin kaya daban, na aiki daban, ka kai wa wani ya gani.

Amma fa kar ka ce bari ka lallaɓa ta kai wata. In fitilar inji tana ƙiftawa, ɗanyen fetur ne ke wucewa salansa yana ƙona katalis, wato abin da ke tace hayaƙi a jikin salansa, shi kuwa tsadarsa ta ninka ta fulogi nesa ba kusa ba. Ka ɗauki hayar wata motar kwana biyu ka sallami kwastomominka.

In gyaran ya zama babba, ka lissafa abin da motar ke shigo maka a sati bayan an cire mai da direba, ka ga sati nawa za ta mayar da kuɗin. Daga yau kuma duk lodin da ta yi ka ware mata wani abu a asusu daban, da shi za ka biya gyara na gaba.